CUNKOSO A TITIN KIRIFTO: Yadda ake faɗaɗa bulokchen, da abin da ake biya kafin a samu sauri

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon kamar yadda muka saba, saboda 'yan uwa da data ba ta ba su damar sauraron sautin ba, da kuma waɗanda suka fi son su karanta a nutse.

Duk wanda ya taɓa cire USDT daga wata manhajar musayar kirifto ya san wannan wurin. Ka sa adireshi, ka sa adadin kuɗi, sai manhajar ta ce ka zaɓi netwok. Sai ga jerin sunaye: ERC20, TRC20, BEP20, Solana, TON, Arbitrum, Optimism, Polygon. Kuɗi ɗaya, hanyoyi kusan goma, kuma kowace da nata cajin. Yawancinmu mukan duba wadda ta fi araha mu danna kawai. To wannan jerin da kuke gani, tarihin wata rigima ce da aka shafe sama da shekara goma ana yi a kan tambaya ɗaya: ta yaya hanyar da aka gina wa mutane 'yan dubbai za ta ɗauki mutane miliyoyi? Kowane suna a jerin nan amsar wasu mutane ce ga wannan tambayar, kuma kowace amsa akwai abin da aka sadaukar kafin a same ta. Wannan abin da aka sadaukar shi ne masu tallar koyin ba sa faɗa mana, shi ya sa yau za mu zauna a kansa.

INA MATSALAR TAKE?

Mu ɗauki Bitcoin, tunda ita ce uwa. Ta fara aiki ranar 3 ga Janairun 2009. Ku ɗauke ta a matsayin babban littafin lissafi, wanda ake rubuta wane ya tura wa wane nawa. Ana buɗe sabon shafi kusan duk bayan minti goma, shafin nan shi ake kira bulok. A 2010 Satoshi Nakamoto ya sa wa shafin iyaka, ba zai wuce megabayit 1 ba. Idan aka yi lissafin layukan da shafi ɗaya zai ɗauka, abin yana tsayawa a wajen hada-hada 7 a kowace daƙiƙa, wani lokacin ma bai kai ba.

Bari mu buga lissafin tare. Daƙiƙa 86,400 ce a yini. Ka ninka da 7, ka samu 604,800. 'Yan Najeriya mun haura miliyan 200. Da a ce kowannenmu zai yi tura ɗaya tak a kan Bitcoin, duk sauran duniya kuma su dakata su ba mu wuri, sai mun shafe kusan wata goma sha ɗaya kafin na ƙarshe ya samu shiga. Tura ɗaya fa na ce. Shi kuwa kamfanin Visa cewa yake yi na'urorinsa za su iya ɗaukar sama da saƙo 65,000 a daƙiƙa.

To me ke faruwa idan masu son shiga sun fi wurin yawa? Gwanjo ake yi. Kowace tura tana zuwa ta zauna a zauren jira, masu haƙa kuma su ne suke zaɓen wadda za ta shiga shafi, kuma wanda ya fi biya suke ɗauka. Irin tashar mota ce ranar jajiberin sallah: mota ɗaya, fasinja ɗari, kuɗin mota sai abin da direba ya yanka. A Disambar 2017 matsakaicin cajin tura Bitcoin ya haura dala 50. A wannan watan dai wani wasan kiwon kyanwoyi na intanet mai suna CryptoKitties ya cushe Ethereum. A Afrilun 2024 kuwa an samu ranar da matsakaicin cajin Bitcoin ya wuce dala 100. Mai tura dala miliyan ko a jikinsa. Amma ɗalibin da yayansa zai turo masa dala 20 daga Saudiyya, an kore shi daga titin ke nan ba tare da kowa ya ce masa fita ba.

Kada ku ɗauka kirifto kaɗai ke da wannan ciwon. Ku tuna farkon 2023 lokacin canjin takardun naira, da kowa ya koma tiransfa lokaci ɗaya: kuɗi ya fita bai isa ba, alat ya kwana a hanya. Cunkoso ne shi ma. Bambancin kawai, banki zai iya sayo manyan na'urori ya ƙara, don shi kaɗai ke riƙe da littafinsa. A Bitcoin kuwa dubban kwamfutoci a faɗin duniya kowacce tana riƙe da cikakken kwafin littafin, kuma kowacce sai ta duba kowane layi da kanta. Waɗannan kwamfutocin su ake kira nod. Wannan maimaicin shi ya sa babu mai iya ƙara wa kansa kuɗi a ɓoye, kuma shi ne ya sa tafiyar take da nawa. Maganin da ciwon daga tushe ɗaya suka fito.

TAURA UKU A BAKI ƊAYA

Vitalik Buterin, ɗaya daga waɗanda suka kafa Ethereum, ya shahara da bayanin cewa abu uku kowane bulokchen ke so. Na ɗaya tsaro, kada a iya sauya abin da aka rubuta. Na biyu rarrabuwar iko, wato talaka da 'yar kwamfutarsa ya iya duba littafin da kansa, kada wasu tsiraru su mallake shi. Na uku ɗaukar jama'a da yawa cikin sauri da araha. Samun biyu daga ciki ba shi da wahala sosai, haɗa ukun ne aiki. Mu a wajenmu an ce taura biyu ba ta taunuwa, to su uku suke son taunawa. Ku riƙe wannan a ranku, don duk hanyar da za mu ambata yanzu, tambayar da za mu yi mata ita ce: wace taurar ta ajiye?

HANYA TA FARKO: A ƘARA FAƊIN SHAFI

Wannan ita ce dabarar da kowa zai fara kawowa. Shafi ya yi kaɗan? A ƙara masa girma mana. A kan wannan aka yi yaƙin cacar baki daga 2015 zuwa 2017. Ɓangare ɗaya, da manyan kamfanoni da masu haƙa da yawa a cikinsa, suka ce Bitcoin kuɗin kashewa ce, dole mai sayen shayi ya iya biya da ita, saboda haka a buɗe shafi. Ɗaya ɓangaren suka ce a'a, in shafi ya ninka sau goma, littafin ma zai riƙa kumbura sau goma, kuma wata rana babu mai iya riƙe kwafinsa sai manyan kamfanoni. In aka kai nan, to an koma banki, an dai canza masa suna.

Maganarsu tana da nauyi, musamman a gare mu. Ko da ƙaramin shafin, littafin Bitcoin yanzu ya haura gigabayit 600. Ka tuna farashin data a nan, ka tuna yanayin wutar lantarki, sannan ka ce a ninka wannan sau talatin. Wa zai iya a Gusau ko Maraɗi?

Ƙarshenta aka raba gari. Ranar 1 ga Agustan 2017 masu son babban shafi suka ɓalle suka kafa Bitcoin Cash da shafi mai megabayit 8, daga baya suka kai shi 32. A Nuwamban 2018 ita ma ta dare, Bitcoin SV ta fita daga cikinta. Ita kuwa Bitcoin ta asali ta karɓi wani gyara mai suna SegWit a watan Agustan 2017, wanda ya ware sa hannun masu tura kuɗi gefe guda ya rage masa nauyi a lissafi, sai shafin ya ɗan ƙara ɗaukar kaya ba tare da an rushe tsohuwar doka ba. Abin lura a nan, Bitcoin Cash ta samu faɗin da take so, amma yawancin jama'a da kuɗinsu suka tsaya a kan tsohuwar. Faɗin titi kaɗai ba ya kawo motoci.

HANYA TA BIYU: LITTAFIN MAI SHAYI

Ga wata tambaya. Dole ne kowane kofin shayi ya shiga babban littafin duniya? Ai ko a unguwa ba haka muke yi ba. Wanda ya saba da mai shayi yakan ajiye masa kuɗi a farkon wata, kullum ya sha a rage, ƙarshen wata a yi lissafi sau ɗaya.

Wannan ita ce dabarar Lightning Network, wadda Joseph Poon da Thaddeus Dryja suka rubuta bayaninta a 2015, ta fara aiki a 2018. Ni da kai za mu zuba Bitcoin a wani akwati mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannuna ɗaya a hannunka. Buɗe akwatin yana shiga babban littafi. Daga nan sai mu yi ta musayar takardar lissafi mai sa hannunmu mu biyu: yanzu naka kaza, nawa kaza. Ko sau dubu muka yi, babban littafi bai sani ba, kuma kowacce cikin ƙiftawar ido take wucewa. Ranar da muka gama sai mu kai takardar ƙarshe a raba mana. Layi biyu kacal muka ci a babban littafi.

In wani ya yi wayo ya kai tsohuwar takardar da ta fi ba shi riba fa? An tanadi hukunci. Akwai wa'adin da ɗayan zai fito da hujjar cewa takardar tsohuwa ce, in ya fito da ita sai ya kwashe duk abin da ke akwatin. Sannan ba sai kana da akwati da kowa ba. In ina da shi da Audu, Audu yana da shi da Binta, kuɗina zai bi ta wajen Audu ya kai ga Binta, kuma an ɗaure abin yadda Audu ba zai iya riƙewa a hanya ba.

Wannan ta iso nahiyarmu. A Disambar 2022 kamfanin Strike na Amurka ya haɗa hannu da Bitnob domin turo kuɗi Najeriya da Ghana da Kenya ta kan Lightning, mai karɓa kuma ya ga kuɗin ƙasarsa a asusunsa. Wani matashi ɗan Afirka ta Kudu, Kgothatso Ngako, ya ƙirƙiro Machankura, wadda ake tura Bitcoin da ita ta ƙaramar waya mai madannai, ba tare da intanet ba.

To wace taurar aka ajiye? Ba za ka iya tura abin da ya fi kuɗin da ke cikin akwatunan hanya ba, shi ya sa babbar tura takan maƙale. Dole ka kasance a kan layi, ko ka wakilta mai gadi, don kada a kai tsohuwar takarda kana barci. Buɗe akwatin ma sai an shiga wancan gwanjon. Saboda wannan wahalar, mutane da yawa sukan sauke walat ɗin da kamfani ke riƙe musu makulli. Da daɗin amfani, amma fa kuɗinka yana hannun wani.

HANYA TA UKU: A HAƊA KAYA A TIRELA ƊAYA

Yanzu mu koma Ethereum. Ita ba tura kuɗi kaɗai ake yi a kanta ba, manhajoji ne ke gudana, kasuwanni da wuraren ba da rance da wasanni, kuma kowane motsi sai an biya abin da ake kira kuɗin gas. Bari in gyara wata fahimta a nan. Ranar 15 ga Satumban 2022 Ethereum ta daina haƙa da na'urori ta koma tsarin ajiye jingina, abin da ya rage wutar da take ci da sama da kashi 99 cikin ɗari. Mutane da yawa sun zaci gas zai sauko a ranar. Bai sauko ba, don gyaran bai taɓa faɗin titin ba. Tun 2020 Ethereum ta riga ta zaɓi wata hanyar daban, wadda ake kira rolof.

Ku kalli 'yan kasuwar Kwari masu aika kaya Legas. Ba kowa ke ɗaukar shatar mota shi kaɗai ba. Ana haɗa dilolin mutum ɗari a tirela ɗaya, a raba kuɗin mota, kowa ya biya ɗan kaɗan. Haka rolof yake. Wani titi ne a hawa na biyu, shi ne za ku ji ana ce wa leya 2, inda ake gudanar da dubban hada-hada, a matse bayanansu, a kai wa Ethereum a dunƙule. Kuɗin gas ɗin da mutum ɗaya zai biya sai ya rabu a kan dubbai. Tunda kuma an ajiye bayanan a kan Ethereum, kowa zai iya sake bin lissafin ya ga ko daidai ne.

Ta yaya Ethereum za ta san direban tirelar bai yi ƙarya ba? Nan aka rabu gida biyu.

Gida na farko su ne masu kyautata zato, irin su Arbitrum, Optimism, da Base ta kamfanin Coinbase wadda aka buɗe wa jama'a a Agustan 2023. Su tsarinsu kamar yadda hukumar zaɓe take kafe rajistar masu zaɓe ne domin mai ƙorafi ya zo ya yi. Ana kafe sakamakon, a ba da kwana bakwai. In wani ya ga maguɗi ya kawo hujja, a soke, a ci tarar wanda ya kawo ƙaryar. In babu, ya tabbata. Shi ya sa in za ka mayar da kuɗinka daga nan zuwa Ethereum ta asalin gadarsu sai ka jira kusan mako guda. Mai adalci ɗaya da ke sa ido ya isa ya tsare kowa, amma dole a samu wannan ɗayan.

Gida na biyu su ne masu hujjar lissafi, waɗanda za ku ga haruffan ZK a jikin sunansu ko bayaninsu: zkSync, Starknet, Scroll, Linea. Su ba sa cewa a yarda da su. Kowace tirela tana zuwa da wata gajeriyar hujja ta lissafi da ke tabbatar da cewa duk abin da ke ciki daidai ne. Ga misalin da zai kusanto da abin. In na ce ku nemo lambobi biyu da in an ninka su za su ba da 391, sai kun ɗan yi gumi. Amma in na ce 17 da 23 ne, cikin daƙiƙa biyar za ku tabbatar. Nemowa wahala, dubawa sauƙi. To manyan na'urori suke yin wahalar a waje, Ethereum kuma dubawar kawai take yi. Babu jiran kwana bakwai, sai dai haɗa hujjar yana cin na'ura mai tsada, kuma lissafin yana da sarƙaƙiyar da masu iya bin diddiginsa ba su da yawa.

Ranar 13 ga Maris 2024 Ethereum ta yi gyaran Dencun, ta ware wa waɗannan tirelolin wurin sauke kaya na musamman mai araha, wanda ake share bayanansa bayan kimanin kwana 18 maimakon a ajiye har abada. Nan take cajin rolof da yawa ya faɗo zuwa senti kaɗan, wani lokacin ƙasa da senti ɗaya. A Mayun 2025 gyaran Pectra ya ƙara faɗin wannan wurin. Wannan ci gaba ne na gaske, babu ja.

Amma ga taurar. A yawancin rolof, mai jera layi ɗaya ne, wato na'urar da ke karɓar hada-hada ta tsara wa zai riga wa, kuma kamfanin da ya gina titin ne ke riƙe da ita. A Disambar 2023 ta Arbitrum ta tsaya sama da awa guda saboda cunkoso. A Yunin 2024 masu Linea da kansu suka tsayar da tasu bayan an yi kutse a wata kasuwa da ke kanta. Niyyarsu kare kuɗin mutane ce, amma ta nuna akwai hannun da zai iya kashe makunnin. Da yawansu kuma akwai 'yan mutane ƙalilan da ke riƙe da makullan sauya dokokin tsarin. Shafin L2BEAT yana jera su mataki-mataki gwargwadon yadda kowanne ya saki wannan ikon, ku riƙa leƙawa.

HANYA TA HUƊU: A GINA SABON TITI

Wasu suka ce duk wannan faci ne, gara a gina sabon titi mai faɗi tun daga tushe. Solana, wadda Anatoly Yakovenko ya jagoranci ginawa ta fara aiki a Maris 2020, tana buɗe sabon shafi cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Ta ƙirƙiro wani irin agogo na cikin gida da ke sa na'urori su san jerin abubuwa ba tare da dogon tuntuɓar juna ba, sannan tana gudanar da ayyukan da ba su shafi juna ba a lokaci guda. Sauri kam akwai shi, araha ma haka. Amma na'urar da za ta shiga tantancewa tana buƙatar ram na gigabayit 256 ko fiye, da intanet irin na manyan cibiyoyin ajiyar bayanai. Kuma ta sha tsayawa cak: wajen awa 17 a Satumban 2021, wajen awa 5 a Fabrairun 2024.

Tron kuma, wadda TRC20 ɗin da 'yan kasuwar bayan fage suka fi so yake kanta, wakilai 27 ne kacal suke rubuta shafukanta. Taron mutum 27 ai ya fi taron dubbai saurin yanke shawara. BNB Chain ma da masu tantancewa 21 ta fara, kuma a Oktoban 2022 da aka yi wa gadarta kutse, an tuntuɓe su suka tsayar da titin gaba ɗaya. An ceci kuɗi da yawa ta haka. Sai dai ka tambayi kanka: titin da za a iya tsayarwa don ɓarawo, me zai hana a tsayar da shi don wani dalilin, ranar da wata gwamnati ta matsa?

HANYA TA BIYAR: A RABA KASUWA LAYI-LAYI

Akwai kuma dabarar rarraba littafin kansa, wadda ake kira shadin. Maimakon kowace na'ura ta duba komai, a raba su rukuni-rukuni, kamar kasuwar da ke da layin 'yan atamfa da layin 'yan shadda, kowane da shugabansa. Aiki ya ragu a kan kowa. Wahalar tana wajen cinikin da ya haɗa layi biyu, da kuma tsoron kada ɓarayi su taru su mamaye layi ɗaya, tunda masu gadinsa ba su kai na kasuwar duka ba. Ethereum ta taɓa shirin rabuwa gida 64, daga baya ta jingine ta rungumi rolof. NEAR da TON kuwa a kan wannan dabarar suke.

TON ɗin nan mun san ta, don ita ce ta su Notcoin da Hamster Kombat, lokacin da matasan Arewa suka duƙufa danna waya a Telegram a 2024. An tsara ta yadda za ta riƙa rabuwa da kanta in kaya ya yi yawa. Amma a ƙarshen Agustan 2024 da aka saki koyin ɗin DOGS, miliyoyin mutane suka zo karɓa lokaci ɗaya, sai ta daina fitar da shafi na tsawon sa'o'i, har sau biyu. Waɗanda suka kwana suna jiran nasu ya sauka a walat, abin da ya faru ke nan. Abin da aka rubuta a takarda daban, ranar kasuwa daban.

GADOJI, INDA AKA FI ZUBAR DA JINI

Da tituna suka yawaita, sai aka buƙaci gadojin tsallaka kuɗi daga wannan zuwa wancan. Yawanci ana kulle kuɗinka a gefe ɗaya, a buga maka madadinsa a ɗaya gefen. Wato gada rumbu ce cike da dukiyar mutane, ɓarayi kuma sun san da haka. A Fabrairun 2022 an kwashe kimanin dala miliyan 320 daga gadar Wormhole. A Maris na shekarar aka kwashe sama da dala miliyan 600 daga Ronin, titin da aka gina don wasan Axie Infinity ya yi araha. Masu tantancewa tara ne, biyar suka isa a buɗe rumbun, ɓarayin suka mallaki makullai biyar. Sai bayan kwana shida aka farga. Hukumomin Amurka sun ɗora alhakin a kan gungun Lazarus na Koriya ta Arewa. Araha ba ta ado, jama'a.

ME YA SHAFE MU?

Ya shafe mu ƙwarai. A rahoton kamfanin Chainalysis na 2024, Najeriya ce ta biyu a duniya wajen rungumar kirifto, bayan Indiya. Mafi yawanmu kuma ba masu miliyoyin daloli ba ne. Mai karɓar kuɗin aikin zane da ya yi wa wani a waje ne, da ɗan kasuwar da ke biyan kaya a Chaina, da wanda ke ɓoye ɗan abin da ya tara daga faɗuwar naira. Mu ne farkon waɗanda tsadar caji ke kora, mu ne kuma farkon waɗanda ake yaudara da kalmar sauri.

Saboda haka duk wanda ya zo maka da sabon koyin yana cewa nasu yana ɗaukar hada-hada dubu ɗari a daƙiƙa, ka yi masa tambaya huɗu. Wannan adadin a ɗakin gwaji aka gani ko a ranar cunkoso? Mutum nawa ne ke rubuta littafin, kuma ni zan iya dubawa da kwamfutata? Wa ke da ikon tsayar da shi ko sauya dokarsa? In kamfanin ya rufe gobe, ta ina zan fitar da kuɗina? In ya fara kame-kame, ko ya ce kai dai ka shigo kafin a rufe, ka san inda aka dosa. Sannan ko da titin yana da kyau, wannan ba ya nufin koyin ɗinsa zai yi tsada. Ingancin hanya daban, farashin kasuwa daban.

Sai 'yan abubuwan kiyayewa na yau da kullum. Netwok ɗin da ka zaɓa wajen turawa dole ya zama shi mai karɓa yake jira. Ethereum da BNB Chain da Arbitrum da Base duk adireshinsu da 0x yake farawa, kamarsu ɗaya, shi ya sa kuskure yake da sauƙi, kuma kuɗin da ya bi titin da ba a jiransa wani lokacin ba ya dawowa. Ka fara tura ɗan kaɗan ka ga ya sauka. Ka bar ɗan koyin ɗin gas na titin da kake kai, in ba haka ba kuɗinka zai zauna kana kallo ba ka iya motsa shi. Kada ka mayar da gada ma'ajiya. Kuma ka sani kamfanin Tether na iya daskarar da USDT, ya kuma sha yin hakan.

Ga masu karatun kwamfuta da lissafi a cikinmu, wannan fagen bai rufe ba tukuna. Yawancin waɗannan tsare-tsaren a buɗe lambobinsu suke, kowa zai iya karantawa ya koya kyauta. Wanda ya san abin da ake nufi da raunin netwok da tsadar data da ɗaukewar wuta, yana da abin faɗa a wurin da ake tsara su, kamar yadda mai Machankura ya nuna. Danna waya muna jiran rabo ya ishe mu haka, a samu masu shiga ɗakin ginin.

Nan za mu dakata. Wannan ilimi ne muke rabawa, ba mu ce kowa ya sayi wani koyin ba. Wanda wani sashe ya shige masa duhu ya aiko da tambayarsa, za mu ɗauka a shiri na gaba in Allah ya kai mu. A tura wa abokin da ke danna netwok ba tare da ya duba ba. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya sa albarka a neman da muke yi. Sai mun sake haɗuwa, wassalamu alaikum.